Mahaifina Ya Rasu Kafin a Wanke Ni

A lokacin ina saurayi ne, ban daɗe da dawowa Tanut daga Damagaram ba, inda na koyi gyaran kwamfuta da haɗa su da juna. Mahaifina dillalin raƙuma ne, bai san komai game da sana'ata ba, amma duk inda ya zauna sai ya yi maganata. Shi ya roƙi wani tsohon amininsa, shugaban wata ƙungiyar makiyaya a Belbeji, ya ba ni aikin haɗa kwamfutocin bironsu, wato ofishinsu, domin kowace ta riƙa ɗauko aiki daga babbar da ke ɗakin sakatariya. Na ja wayoyi, na ba kowace lambarta, komai ya tafi daidai. Na koma gida ina jin na fitar da tsohona kunya.

Ba a jima ba aka fara kirana, wai rezo, wato haɗin kwamfutocin, ya yanke, ƙananan ba sa ganin babbar. In hau mota in je, Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya rufe ƴar kwamfutarsa ta hannu ya zo ya tsaya a kaina, in duba in tarar komai lafiya lau. Na canza waya, na canza akwatin da wayoyin ke haɗuwa, na zargi zafi, na zargi wutar lantarki. Da zarar na juya baya sai matsalar ta dawo. Ana cikin haka lokacin allurar dabbobi ya zo, aikin biron ya tsaya, makiyayan da suka taso daga nesa suka yini a ƙofa ba a sallame su ba. Ranar Alhaji ya ce a gaban mutane ya gane ni, da gangan nake barin ɓaraka don a yi ta kirana. Maganar ta riga ni isa Tanut.

Mahaifina yana kwance ba lafiya a lokacin. Ya sa aka kira ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, ka yi?" Maimakon in zauna in yi masa bayani, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce in har shi ma yana shakka, ba ni da abin faɗa, na tashi na fita. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba, har Allah Ya karɓi ransa da damina.

Bayan an share makoki, sakatariyar biron ta kira ta yi mini gaisuwa, ta ce sun kawo wani daga Damagaram shi ma ya kasa, in daure in leƙo. Na je ba don ina so ba. Na tarar Alhaji ya fita sallar azahar, ya bar kwamfutarsa a kunne. A karon farko na ga matsalar da idona. Ina dubawa na ga tasa da babbar kwamfutar lamba ɗaya suke ɗauke da ita, kamar gida biyu da lamba guda, saƙo ya rasa inda zai shiga. A wani biron aka taɓa sa masa ita da hannu. Duk zuwan da nake yi, rufe kwamfutarsa da yake yi don ya sa mini ido shi ke ɓoye cutar. Gyaran bai kai a sha shayi ba. Da ya dawo na nuna masa, sai ya ce in yafe masa. Daga baya har gida ya zo ya ba mahaifiyata haƙuri.

Na yafe, amma wanda na fi so ya ji ba ya nan. Ga masu sana'a irin tawa, kafin ku kwance waya ku tambayi me ke shigowa biron, me ke fita, ku kuma nemi ganin matsalar tana faruwa. Masu ba da aiki, kada ku kira mutum macuci don kawai ba ku gane abin da ya lalace ba. Wanda kuma iyayensa ke raye, in sun tambaye shi, ko tambayar ta yi ciwo, ya zauna ya amsa.