Ƙullin da Baƙuwata Ta Ɗaura a Ƙugu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Shekarar da mutanen duwatsun arewa suka gudo Jimeta, Allah ya haɗa ni da wata baƙuwa, tsohuwa kamata, Kirista. An ƙone garinsu. Na ba ta ɗaki, amma sai ta wuni tana kallon bango, tuwo ma sai da lallashi. Na ce a raina, bari in kai ta cikin Yola inda aka binne cibiyata, ko zuciyarta ta saki jiki da mu.

Keke ya sauke mu bakin gari, muka taka da ƙafa. Na nuna mata tsohon masallaci, da zaurukan ƙasa masu zane a goshi, da gidan da mata ke zana ƙwarya da wuƙa mai zafi. Ta ɗauki ƙwarya guda ta shafa, har ta yi murmushi. Ni kuwa sai cika baki nake, ina ce mata Yola ba ta taɓa kunyata baƙo ba.

Can muka jiyo algaita da ganga daga wani gidan suna. Na ga kafaɗunta suna motsi. Muka bi sautin.

A bakin lungun, samarin unguwa masu gadi suka tare mu, don lokacin bom ya tashi a kasuwa, kowa tsoron kowa yake. Babbansu ɗan ƙanena ne. Ya nuna ƙugunta, inda zane ya yi tudu, ya ce, "Goggo, ke wuce. Ita sai ta kwance wancan." Na ce baƙuwata ce, kwano ɗaya muke ci. Ya sunkuyar da kai, amma bai kauce ba. Algaita ta yi shiru, mutane suka ja baya.

Ta kwance ƙullin a gaban maza. Kacau-kacau ne na ƙarfe, irin wanda suke ɗaurawa a ƙafa ranar rawar girbi, na uwarta. Ta cusa masa tsumma don kada ya yi ƙara sa'ad da suke ɓuya a daji. Shi kaɗai ta fito da shi daga garinsu.

Masu gida suka yi ta ba da haƙuri, mai algaita ya ce ta shigo ta taka musu. Ta mayar da tsumman a hankali, ta ce da ni, "Yaya, mu koma, ƙafata ta gaji."

Har muka isa gida ban iya duban fuskarta ba.

Da hanya ta buɗe ta koma garinsu, can ta rasu. Ɗan ƙanena yanzu malamin makaranta ne, in ya zo gaishe ni ba ma tada zancen. Mai algaita ya tsufa, ɗansa ke busawa. Ni ina nan Jimeta, in baƙo ya ce in zaga da shi Yola, nakan kai shi, amma bakina a rufe.