Ranar da Na Ba Golanmu Huɗu Cikin Goma

Shekarun baya, ina sabon malami a wata sakandare a Malumfashi, na ƙirƙiro wa kaina aiki na biyu wanda babu wanda ya ɗauke ni: ba 'yan ƙwallon unguwarmu maki. Ni dai ban taɓa iya ƙwallo ba. Sau ɗaya aka sa ni a firamare, na ci gida, daga ranar aka mayar da ni gadin takalma. Amma na karanta jaridu, na saurari masu sharhi a rediyo har na haddace yadda suke jan numfashi kafin su yanke hukunci, sai na naɗa kaina mai duba aikin masu yi. Duk wasa ina bakin fili da littafi da jan biro, irin wanda nake duba jarrabawa da shi. Bayan magariba a hallara a majalisar mai shayi, wani ya ce, "Malam, karanto mana," ni kuma in gyara murya in bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da makinsa cikin goma.

Da wasa abin ya fara, amma ya zo ya yi nauyi. Kocinmu mai walda ne, mutumin kirki, ya san ƙwallo a ido amma bai iya jera ta a baki ba, saboda haka in na yi magana da kalmomi masu tsawo sai ya gyaɗa kai. A hankali ya zama in za a rubuta sunayen waɗanda za su buga gasar kofi ta bayan kaka, sai an leƙa littafina.

Golanmu abokina ne tun ajin farko. Manomi ne, masara da auduga, kuma ya fi shekara goma a ragar. Hannunsa mai kyau ne, amma bakinsa ya fi hannunsa suna. Daga fara wasa har a tashi ba ya rufe shi. "Koma baya, gadon filin aka ba ka?" "In barci za ka yi a kawo maka tabarma!" 'Yan bayanmu ba sa waiwaye, ba su ma iya ba, domin tun suna yara akwai mai waiwaya musu. Matan gidajen da ke kusa da fili kan san an ci mu ko ba a ci mu ba daga irin zagin da suke jiyowa ta kan katanga.

A daminar shekarar, lokacin noman maimai, mutanen daji suka same shi a gona da rana tsaka. Suka tafi da shi tare da maƙwabcinsa na gona, wani dattijo mai 'ya'ya manya. Kusan wata biyu ya yi. Da ya dawo shi kaɗai ya dawo. Game da dattijon abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya yi masa cikawa a can." Aka yi zaman makoki, aka watse.

Kun san yadda muke yi. Muka yi layi a zauren gidansu: barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa kaffara ne. Ba a tambayar wanda ya dawo me ya gani. Muna kiran wannan kara, kuma wataƙila kara ce, amma yanzu ina zargin akwai tsoron jin amsar a ciki. Ya yi ƙiba kaɗan, ya girbe abin da 'yan uwansa suka iya ceto masa a gonar, sai kawai muka rubuta shi cikin waɗanda suka warke.

Da aka kwashe masara koci ya shirya wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Tsiga, don a ga yadda ƙafafu suke kafin gasa. Irin wasan nan ba ya da kofi, ba ya da maki, amma shi ne wanda 'yan kallo suka fi yi wa fashin baƙi, domin kowa ya yi wata huɗu yana tara ra'ayi. A wannan karon akwai magana ɗaya a ƙasa da babu mai ɗaga ta: wa zai tsaya a raga a gasar? Wani ya riƙe ragar a atisaye lokacin da abokina ba ya nan, kuma bai yi laifi ba. Koci ya ce tsohon gola zai buga wasan gaba ɗaya, a gani.

Da ya shigo fili aka yi masa tafi, har mutanen Tsiga. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya wuce raga.

An ci mu uku da ɗaya. Ta farko an kwaso ta daga gefe, shi da ɗan bayanmu na tsakiya suka tashi tare suka yi karo, ƙwallo ta faɗo gaban ɗan Tsiga ya tura ta kamar mai rufe ƙofa. Ta biyu bugun tazara ce, katangarmu ta tsaya a karkace, rabin raga a buɗe. Ta uku ɗan baya yana riƙe da ƙwallo yana tunanin duniya, wani ya zo ta bayansa ya ɗauke. Tsakanin waɗannan kuwa abokina ya tare ƙwallaye huɗu da ba kowane gola zai taɓa su ba.

A gefena wani Alhaji mai sayar da taki, wanda bai taɓa fashin wasa ba, yana ta fama.

"Waɗannan 'yan baya ne ko 'yan rakiya? Kai mai lamba biyar, sayar da kai aka yi?"

"Alhaji, masara ce a cikinsu," in ji wani. "Wata huɗu suna gasawa suna ci."

"To a mayar da su gona! Wallahi ba don golan nan ba da bakwai za mu sha. Yaron nan daga daji ya fito amma ya fi su kuzari."

Kowa a kan haka ya tsaya: baya ta lalace, gola na nan daram. Ni kuwa ina ta murmushi a cikin littafina, domin na ga abin da ba su gani ba. Tun minti goma na lura filin ya yi wani irin shiru. Ina jin ƙarar takalmi, ina jin usur, ina jin Alhaji, amma daga raga babu komai. Na koma na bi ƙwallayen uku, na ga duk ciwo ɗaya ne. Ba a ce "tawa ce" ba, ba a gyara katanga ba, ba a gargaɗi mai riƙe da ƙwallo ba. Daɗin da na ji a lokacin, irin na malamin da ya gano inda duk aji suka yi kuskure a lissafi, har yau ina jin kunyarsa.

A majalisa aka cika fiye da kullum. Koci na nan. Abokina ma na nan, a ƙarshen benci, da kofin shayi a hannu.

"Malam, karanto. Ka fara da masu laifi."

Na ba 'yan baya biyar-biyar. Aka yi caa.

"Biyar? Malam, ko surukanka ne?"

Na ɗaga hannu kamar a aji. Na ce 'yan bayan nan ba su canza ba, yadda suke bara haka suke bana, makafi ne masu ƙarfi, kuma ɗan jagoransu ne ya ajiye aiki. Na bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya na warware su. Na ce gola rabinsa hannu ne, rabinsa murya, kuma yau rabin gola muka saka. Sannan, da yake na ga an yi tsit ana saurarona, na ƙara gishiri. Na ce, "Na ƙirga. Minti casa'in, sau biyu ya buɗe baki, ɗaya hamma ce."

Aka fashe da dariya. Alhaji har da dukan cinya. Na ce, "Gola, huɗu cikin goma."

Koci ya juya. "Kai, haka ne? Me ya hana ka magana?"

Abokina ya yi murmushi, ya ajiye kofin a ƙasa. Ya ce, "Malam ya yi gaskiya." Ya ɗan ƙara zama don kada a ce fushi ya yi, sannan ya yi sallama.

Washegari ya kai wa koci safar hannunsa a shagon walda, ya ce a rubuta ɗayan golan.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "An ce jiya ka yi karatu a wurin mai shayi."

Na ce ai gaskiya na faɗa, shi ma da bakinsa ya ce gaskiya ce.

Ta ce, "Uwarsa ta ce tun da ya dawo ko akuya ta shiga rumbu ba ya iya daka mata tsawa, sai dai ya tashi ya kore ta da hannu. Duk unguwa an sani. Kai kaɗai ne ka ɗauka ganowa ka yi."

Sai da na yi kwana uku kafin na iya zuwa wurin abokina. Na same shi da hantsi a gonar auduga yana cira, buhu ɗaure a ƙugunsa. Muka gaisa. Na fara jawabin da na shirya a hanya, mai gabatarwa da kammalawa, ya katse ni.

"Malam, kama wancan layin."

Na kama. Mun yi nisa muna cira, kowa a layinsa, babu mai kallon wani, sannan ya fara magana.

Ya ce kwana na uku da kama su ana tafe da su a layi, rana na dukansu. Dattijon yana gabansa, ƙafarsa ta kumbura, yana ɗingishi. Sai ɗaya daga cikin mutanen ya shiga tsakaninsu, ya ɗaga gindin bindiga zai buga wa dattijon a kafaɗa don ya yi sauri.

"Duka ne kawai, Malam. Irin wanda muke sha safe da yamma. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce 'Bayanka!' ba. Shekara nawa ina faɗinta? Ba ta bi ta kaina ba ma. Shi kuma ya juyo da sauri, hannunsa a sama. Wancan ya zaci bindigar zai kama, sai ya harbe shi."

Ya cusa auduga a buhu, ya danna ta da gwiwar hannu.

"Da na yi shiru da duka zai sha, mu ci gaba da tafiya."

Na ce kwanansa ne ya ƙare, ba muryarka ba. Ya ce ya sani, liman ma haka zai ce, shi ma yana faɗa wa kansa haka sau biyar a rana. Amma ranar wasan ya ga ƙwallon farko tun daga ƙafar mai bugowa, ya san tasa ce, ya buɗe baki, amma kalmar ta ƙi fita. Haka ta biyu. Haka ta uku, yana kallon mutumin yana tahowa ta bayan ɗan bayanmu, yana ƙirga takunsa.

Na ce zan je wurin koci. Zan ce na yi kuskure, zan sake makin a gaban kowa.

Ya ce, "Ka taɓa ƙara wa ɗalibi maki don an yi musu rasuwa?"

Na ce na sha yi.

Ya yi dariya, ta farko da na ji daga gare shi tun dawowarsa, gajeriya. "To ni kar ka yi min. Huɗun daidai ne. 'Yan bayan nan suna bukatar mai yi musu magana."

Bai sake tsayawa a raga ba. Muka shiga gasa da ɗayan golan, aka fitar da mu a wasa na biyu, majalisa ta ɗora laifin a kan alƙalin wasa. Bayan shekara biyu abokina ya je da ƙafarsa ya sami babban ɗan dattijon ya faɗa masa komai. Ban san me suka ce wa juna ba, na dai san har yau suna aron garmar shanu tsakaninsu. Abokina ne ya ba ni izinin rubuta wannan, da sharaɗin kada in mayar da shi abin tausayi. Ina fata ban saɓa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu kuskure ko ɗaya a sharhina. Da kuskure na yi da na nemi gafara na huta. Na ga shirun kafin kowa a filin, na auna shi, na lissafa ƙwallo nawa ya jawo mana, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina daga ina ya zo ba, alhali ina cikin waɗanda suka yi layi a zaurensu. A aji yanzu in ɗalibi mai surutu ya yi tsit, nakan bar shi sai an tashi, in tambaye shi lafiyar gida. Ba kullum suke faɗa ba.

Har yanzu muna zuwa kallo tare, ni da shi, mu tsaya a bayan raga. Wani lokaci ɗan baya zai riƙe ƙwallo yana shawagi, wani na lallaɓowa ta inda ba ya gani, sai in ji yatsun abokina sun damƙe mini hannu har su yi shaida. Ni nake yin ihun. Muryata ta aji ce, ba ta wuce mutum biyar, kuma ɗan bayan bai taɓa jina ba.