Gadin Jan Zakara

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Wata Laraba ce da kaka, ina aji huɗu, ajin da ni da boko muka yi sallama, muna tsinkar gyaɗa a ƙofar gida sai ga motar auduga ta tsaya, aka sauko da Yaya Garba kwance a kan ƙyaure. Shi ne babban wana, kuma duk ƙauyenmu na bayan Dayi shi kaɗai aka taɓa biya albashi don ya buga ƙwallo, a wata ƙungiya a Kaduna. Wani mai tsaron baya ne ya shigo masa da ƙafa biyu, ƙwabrin dama ya karye har ƙashi ya leƙo. Yaya ya ce lallai a kawo shi gida, don ya ji a asibiti yanke ƙafa ake yi.

Washegari aka ɗauko mai ɗori daga Bakori. Maza huɗu suka danne Yaya, mai ɗorin ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure tamau. Sannan ya kama jan zakaranmu ya karya masa ƙafar dama, ya ɗaure ta da tsinke. Ya ce ranar da zakara ya taka, ranar mai ƙafa zai taka, amma a tsare shi daga mugun ido. Inna ta ce, "Sale, kai ne mai zakara." Ban taɓa riƙe muƙami ba kafin nan, ban kuma sake ba, don haka na riƙe shi da gaske.

Na bar langa, na bar ƙwallon tsumma, awaki ma ƙanwata ta gaje su. Kowa ya zama abin tuhuma. Mai tallan ƙuli-ƙuli ta tambayi mai jiki sau biyu a rana ɗaya, na sa mata ido. Abokin wasan Yaya ya zo dubiya da lemo, na binne lemon a bayan rumbu, ban da guda uku da na shanye don bincike. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba Ishaya, maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin shan magani na mishan. Kullum da safe sai ya shigo ya danna faratan Yaya, ya sunkuya ya shinshina ɗaurin, ya ce, "Garba, ɗaurin nan ya yi tsauri, kuma akwai ciwo a ƙarƙashi. Mu tafi Malumfashi." Na zauna na yi nazari irin na 'yan aji huɗu. Mutumin kirki me zai kai shi shinshinar ƙafa? Ga shi na ga an kawo masa wasiƙa daga Kaduna. Shi ke nan, wanda zai gaji rigar Yaya a ƙungiya ne ya saye shi, a kai ƙafa asibiti a yanke. Sai daga baya na ji wasiƙar ta 'yarsa ce da ke karatu a can.

Na mayar da zakara ƙarƙashin rumbu, na kafa sansani a zaure. Kwana huɗu Baba Ishaya na sallama ina ce masa Yaya na barci. A na huɗun ya daɗe yana kallona, ya ce, "Barcin nan ya yi yawa, Sale," ya juya. Inna kuwa ta ɗauka fushi ya yi don an ƙi shawararsa, kunya ta hana ta aika masa, alhali Yaya na ta zazzaɓi.

Rana ta biyar zakara ya taka, har ya kori kaza. Na ruga ɗakin Yaya ina ce masa ya tashi, na yaye zanen da ke rufe da ƙafar. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi kamar ɗinya, wari ya cika ɗakin. Inna ta leƙa ta katanga ko mayafi babu tana kiran Baba Ishaya. Ya zo da almakashi ya yanke tsumman, bai ko dube ni ba, ya fita titi ya tare mota. An ceto ƙafar a Malumfashi, sai dai ta gajarce, ƙwallo kuma ta ƙare. Yaya ya koma noman masara da ɗingishinsa, bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Yanzu mu biyu tsofaffi muna zuwa gidan kallo. Za ka ga ɗan wasa ya karye, an ɗauke shi a gadon ɗaukar majinyata, an sa masa ƙarfe, kafin masara ta sake nuna ya dawo yana gudu. Ni har yau ban bar zargi ba, nakan ce wannan turo mai tsaron bayan aka yi. Yaya kuwa sai ya riƙa shafa gwiwa. Kwanan baya tausayi ya kama ni, na ce masa, "Yaya, da a zamaninmu akwai likitoci irin waɗannan, da har Turai ka buga."

Bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce, "Likita ai mun samu, Malam Sale, har gida yake zuwa da ƙafarsa. Mai gadi ne muka yi rashin sa'a."