Illo, Wanda Ya Ƙi Ƙara Ruwa

Mu mutanen ƙauyenmu, nan ƙasar Bazaga, mun zalunci Malam Illo, ma'aikacin allurar dabbobi. Ni na rubuta takardar da ta sa aka ɗauke shi daga cikinmu, don haka ni ya kamata in fara magana yanzu da ya ajiye aiki.

Duk shekara bayan girbi, da sanyin safiya yake isowa, akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Maganin rigakafin annobar awaki a bushe yake zuwa, ɗan dunƙulen gari a gindin kwalbar da ba ta kai yatsa ba. Sai ya nemi inuwa, ya wanke hannu, ya ja ruwan da aka aiko tare da maganin, ya ɗaga sirinji ya duba layin awo. Ya zuba a hankali, ya murza kwalbar tsakanin tafukansa har garin ya narke, sannan ya juye cikin sauran ruwan. Kwalba ɗaya, awaki ɗari. Ba ya jiƙa garin sai ya ga awakin tsaye gabansa, domin da zarar an jiƙa, ƙarfinsa ba ya wuce awa biyu. Abin da ya rage bayan nan, zubarwa yake yi.

Zubarwar muka gani, ba mu tambayi dalili ba.

Wata rana Inna Sa'ida, tsohuwar da awaki bakwai ne duk dukiyarta, ta iso saura allura biyu a kwalba. Ta ce, "Illo, ɗan nan, ga randa. Ƙara mishi ruwa mana. Ko kunu in baƙi sun zo ruwa aka ƙara mishi."

Ya ce, "Inna, kunu ko ya tsinke yana kashe ƙishirwa. Wanga in ya tsinke, hujin allura kaɗai akuyarki za ta samu. Gobe ni zo har gida."

Ya kuma je. Amma mu a dandali cewa muka yi ya kori tsohuwa.

Abokin aikinsa Jibo kuwa bai taɓa mayar da kowa ba. Kwalbarsa ba ta ƙarewa, tun safe har la'asar. Muka yi ta sa masa albarka, muna kiransa mai sakin hannu. Na zauna na rubuta wa buro, wato ofishinsu, cewa Illo marowaci ne mai girman kai. Dattawa suka dangwala. Aka mayar da shi Tajaye, aka bar mana Jibo.

Shekara ta uku da tafiyarsa annoba ta shigo: majina, zawo, sai akuya ta kwanta. Matasan awakin da Jibo ya yi wa allura, kowace da yankan shaida a kunne, su aka riƙa ja zuwa bayan gari. Tsofaffin da Illo ya taɓa suna tsaye suna tuƙa. Na Inna Sa'ida bakwai ɗin nan, ko ɗaya bai faɗi ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Yahuza, alƙalamin naka ya iya maido Illo?"

Na je Tajaye neman gafara. Na tarar da shi da kwalba a hannu. Ya ce, "Dakata mini, na riga na jiƙa." Na tsaya a rana har ya gama da akuya ta ƙarshe. Da na faɗi abin da ya kawo ni, cewa kawai ya yi, "Da kun tambaya, da na gwada muku."

Malam Illo, kai ne ka yarda a zage ka don kada ka cuce mu. Mai awo daidai, ko ba mai kallo. Mun gode, kuma kunyarka muke ji. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya.

Ku da ke haɗa magani, na mutum ko na dabba, ku tsaya a kan awo kamar yadda ya tsaya, ko da gari duka zai yi fushi da ku.

Jibo kuwa, da aka bincike shi, ya amsa cewa ruwan rijiya yake ƙarawa a kwalba. An karɓe katinsa na aiki, an kore shi, an hana shi taɓa dabbar kowa.