Simintin da Na Shafa wa Zauren Gidanmu

Zauren gidanmu a Birnin Kudu ya girmi kowa a unguwa. Ko Baba bai san wanda ya ɗora tubalinsa na farko ba. Kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, azarar rufin ta yi baƙi ƙirin don tsufa. A nan Baba yake karɓar baƙi, a nan aka raɗa mana suna. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, wani tsohon magini daga Gwaram yakan zo ya jiƙa makuba, wato dakakken ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa da ƙasa, ya yaɓe bangon da tafin hannunsa. Wari kam ba a magana.

Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo na samu aiki a Kano, na dawo da wando mai faɗin ƙafa da girman kai. Ma'aikatan adana kayan tarihi sun taɓa zuwa suka auna zauren, suka roƙi a bar shi yadda yake. Ni kuwa kunya nake ji abokaina su ga gidan ƙasa. Na kawo siminti, na ce a shafe bangon da shi.

Maginin ya ce, "Malam, bangon ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe shi, ruwan da ya sha ta ina zai fita?"

Na yi dariya, na ce zamani ya wuce shi. A gaban Baba na faɗa wa maginin haka, dattijon da ya yi jika da ni.

Baba ya dube ni, ya ce, "To, ai kai ka yi boko."

Damina uku zaure yana sheƙi, ina ta hura hanci. A ta huɗu, da hantsi, ba ko yayyafi ake yi ba, simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ciki duk ya zama taɓo. Bangon gabas ya zauna, rufi ya bi shi. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Na je Gwaram da kunyata. Na tarar maginin ya rasu, 'ya'yansa bulo suke bugawa, babu wanda ya koyi ɗaurin irin wannan rufi.

Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya mayar da buzunsa gindin darbejiya, in hadari ya taso ya naɗe ya shige ciki. Da ya rasu, zauren maƙwabta muka ara muka yi zaman makoki.