Rakiyar Alhaji Garba

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar taubashina Alhaji Garba mai hatsi, Allah ya jiƙansa, kuma har yau duk inda na zauna a Gusau sai na faɗa cewa ni na miƙar da shi bayan ciwo ya kwantar da shi. Wani lokaci nakan ƙara da cewa da ƙafa muka je Tsafe muka dawo kafin azahar. Waɗanda suka san tumbina sukan yi shiru saboda kunya. To bana zan faɗi yadda abin ya kasance.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba likitocin Zariya suka gano yana da ciwon dajin mafitsara, wanda ke kama maza in sun manyanta. Suka sa shi kan maganin da ke rage sinadarin mazantaka, domin shi ne abincin ciwon. Ciwo ya lafa, amma magani ya zo da nasa. Zufa ta riƙa keto masa yana zaune a inuwa, ƙirji ya ɗan tasa, ciki ya fito, cinyoyi suka saki. Mutumin da ke jefa buhun gero a mota shi kaɗai ya koma in ya yi sujada sai ya dafa bango. Bai taɓa yi mini kukan zufa ko ƙiba ba. Abu ɗaya ya ce yana tsoro, ranar da za a ajiye masa kujera a gefen sahu ya yi sallah a zaune.

Likita ya ce ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, ya kuma ɗaga abu mai ɗan nauyi. Ɗaga nauyi ba wuya, ya koma auna tiya da hannunsa a rumfa. Tafiyar ce ta gagara. A Gusau ta wancan lokaci, Alhaji mai mota ba ya taka ƙasa haka kawai. Ranar farko bai kai bakin titi ba 'yan kabu-kabu uku suka tsaya, kowa na rantsuwa ba zai wuce ya bar shi ba. Wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, mi ya samu mota? In kasuwa ta juya, ka faɗa muna." Kafin la'asar labari ya kai Bungudu cewa ya karye. Ya shige gida, kwana tara bai sake gwadawa ba.

Na daɗe ina cewa dabarar da ta biyo baya tawa ce. Ta matarsa ce, Hajiya Rabi. Ita ta aiko a kira ni, ta ce ba wanda ke tsayar da mai rakiyar baƙo, ba kuma wanda ke zarginsa da talauci. Aikina kawai in zama baƙon.

Haka aka yi. Kullum da hantsi in zo gaisuwa Tudun Wada, in sha kunu, in miƙe, ya ce bari ya taka mini. In ɗan kabu-kabu ya rage gudu, sai ya ɗaga hannu ya ce rakiya yake. Da farko iyakarmu bakin lungu. Bayan wata biyu yana kai ni ƙofar gidana a Sabon Gari, ni kuma ladabi ya hana in bar babba ya koma shi kaɗai, sai in rako shi. Mutanen unguwa suka ce ba su taɓa ganin zumunci irin namu ba. Tsafe kuwa a mota muka je, shi ya hau rabin dutsen garin, ni na tsare takalma.

Yanzu in na ga manyan ma'aikata da safiyar Asabar cikin wando mai roba suna sassarfa ana ɗaukarsu hoto, nakan ce da Alhaji na nan da ya yi dariya har ya share hawaye. Da kuma ya yi baƙin cikin jin cewa hanyar Tsafe ta zama sai da addu'a. Amma na san dattawa biyu masu irin ciwonsa da iyalansu suka zo tambayar yadda ya yi, yau kuma suna zagaya unguwa ba sa neman hujja.

Ciwon ne ya ɗauke shi daga baya, bayan shekara huɗu. Sai dai har makonsa na ƙarshe a tsaye yake sallah, kujerar nan ba ta shiga masallaci dominsa ba. Wannan nake alfahari da shi.

Wata Juma'a da muka fito masallaci, bayan ya tashi daga tahiya ba tare da ya dafa kowa ba, na ce to Alhaji, sai a gode wa likitan ƙafa, wato ni. Ya dube ni ina haki ina sharce gumi, ya ce, "Na gode, ɗan'uwa. Hakinka ne maganin. In na ji shi a bayana, sai in tuna ba ni ne na fi kowa jin jiki ba."