Sunan da ke Saman Allo

Ka taɓa tsayawa a kan mutum yana ƙoƙarin ƙwace maka matsayi, kuma aikinka shi ne ka kula kada ya ji ciwo? Wani mai walda da ake ce wa Injin ya tsaya, daƙiƙa bakwai cur.

Shekarar Injin arba'in da huɗu. Yini yake yana haɗa ƙofofi da tagogi, biyar na yi ya kashe wuta, ya haye matattakala goma sha bakwai zuwa ɗakin ɗaga ƙarfen da ke saman shagon taya. Benci biyar ne a ɗakin, uku shi ya haɗa su da hannunsa. A bango akwai allo. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana gwada wanda ya fi ɗaga nauyi a kwance, a rubuta sunansa da alli a sama. Shekara shida sunan Injin ne a wurin, kilo ɗari. Dokar ɗakin kuwa, mai saman allo shi ke tsayawa a kan duk wanda ya nemi ture shi, don ya tare sandar ƙarfen idan ta danne shi. In yatsansa ya taɓa ta ko kaɗan, ɗagawar ta tashi a banza.

Yayansa tela ne, ya girme shi da shekara bakwai. Injin ne ya ja shi ɗakin, ya koya masa yadda ake kafa ƙafa da riƙe numfashi. Shekara huɗu Tela na kilo tamanin, ba gaba ba baya. In ya ɗaga ran Litinin, sai Juma'a ƙirjinsa ke sakinsa. Yana ɗinki yana gyangyaɗi, har wata rana ya haɗe hannun riga biyu wuri ɗaya. Matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti. Aka ɗebi jininsa sau biyu, duka da safe, likita ya ce testosteron ɗinsa, wato sinadarin maza, ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ɗora shi kan allura, tare da awon jini lokaci-lokaci.

Da farko Injin murna ya yi. A wata na uku Tela ya ɗaga tamanin da biyar. A na bakwai, casa'in da biyu da rabi. Abin da ya fi ci wa Injin rai shi ne saurin warwarewar. Tela ya yi atisayen ƙirji Litinin, Laraba ya dawo yana fito, shi kuwa Injin sai ya kwana huɗu yana ɗaga tocilan walda yana cije leɓe. A ɗan littafin da yake rubuta nasa kilo ya buɗe wa yayansa shafi, sai ga shi shafin Tela ya fi nasa cika.

"Yaya, wannan ƙarfin naka ne ko na sirinji?"

"Auta, sirinji ba ya hawo matattakala. Ni nake hawowa."

"Da kana hawowa kana haki kamar tsohon janareta."

"To an yi mini sabis. Sa mini biyar-biyar a gefe."

Injin ya sa faifan, har da buga shi da ƙarfi. Ya ƙudurta zai riƙe tazarar da yawan zuwa. Daga kwana huɗu a mako ya koma shida. Mako uku kafaɗarsa ta dama ta fara ƙara, casa'in ma ta gagare shi.

Sai ya nufi likitan Tela, don shi ma a ɗora shi kan allurar. Ya ji ana ɗibar jinin da safe ne saboda a lokacin sinadarin ya fi yawa, don haka ya yi dabara. Ya ci ya ƙoshi, ya yi walda awa shida a rana, ya isa ƙarfe huɗun yamma yana jan ƙafa yana lumshe ido.

Likita ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, da wannan damtsen kake cewa ba ka da ƙarfi?"

"Ciki ne ya mutu, Likita. Waje kawai ya rage."

"To ka dawo gobe ƙarfe takwas, kada ka ci komai."

Sakamako ya fito lafiya lau, tsakiyar ma'auni. Injin ya nemi a sake, aka sake, haka dai.

"Yayanka rashi gare shi, muka cike masa," in ji likita. "Kai ba ka rasa komai ba. In na ba ka, jikinka zai rage yin nasa, jini na iya kauri, haihuwa ma tana iya tsayawa. 'Ya'yanka nawa?"

"Biyu. Muna neman na uku."

"Ka ga ni. Ka huta wa kafaɗar nan kwana goma."

Bai taɓa jin mutum ya fito da takardar lafiya yana baƙin ciki ba sai kansa. Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. A gida matarsa ta karanta ta ce, "Alhamdulillahi." Ya ce, "Uhm." Ta ce, "Kai dai da an ce ba ka da lafiya da ka fi sakin fuska."

Asabar ɗin ƙarshen wata na goma sha ɗaya da fara allurar Tela, mutum goma sha huɗu suka hallara. Injin, da ya huta, ya maimaita ɗarinsa da ƙyar. Tela ya shafa alli a tafin hannu ya ce a sa ɗari da biyu da rabi. Mai ɗakin ya dubi Injin.

"Doka dai doka ce. Hau kansa."

Injin ya tsaya a kan bencin da ya haɗa, yana kallon fuskar yayansa a juye, da furfurar gemu, da jijiyar wuya. Sanda ta sauka a ƙirji. Ta taso rabi, ta tsaya. A nan duk mai tsaro zai iya kai hannu, ba wanda zai zarge shi, cewa za a yi ƙane ya ji tausayin yayansa. Yatsun Injin na ƙasan sandar, tazarar ba ta kai faɗin ashana ba. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu yatsansa na tsakiya ya motsa da kansa, sai ya janye hannuwan duka biyu ya damƙe bayan wandonsa.

"Tura, tsoho," ya ce ta cikin haƙora. "Tura mana."

A ta bakwai sanda ta kai sama.

Mai ɗakin ya miƙa wa Injin tsumma. Ya goge sunansa, ya rubuta na Tela, ya mayar da nasa layi na biyu. Ya ƙanƙanta rubutun Tela yadda sai an matso ake karantawa.

"Auta, allin ne ya ƙare?"

"Ka ce likitanka ya rubuta maka tabarau."

Har yau Injin yana zuwa, kwana huɗu a mako, yana kilo ɗari da ɗaya. Kuma har yau bai daina rubuta kilon yayansa ba.

Kai ma gwada. Nemi wanda ke dab da wuce ka a abin da kake taƙama da shi, ka tsaya masa, ka riƙe hannunka a baya, ka ƙirga daƙiƙa nawa za ka iya.